Ruwan Alwalata a Kan Inji

Ranar da kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya kawo sabuwar motarsa ta shiga sahara gidansa na Abhur da ke bakin teku, na zagaya ta na ce, "Kai, wannan mota!" Ban ce masha Allah ba. Ni direba ne, tayoyi nake dubawa. Shi kuwa ya ji, ya ajiye a ransa.

Da tafiya ta yi tafiya, motar ta fara ciwo. In na tayar da ita sai fitilu su dushe. Rediyo ya mutu. Aka sa sabon batir, aka canza dinamo mai cajinsa, duk a banza, har wayoyin ƙarƙashin sitiyari suka fara ƙauri. Lokacin iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta kusa ƙarewa, shi kuma ya daina zancen sabunta ta. Ba iƙama, sai jirgin gida, ga 'ya'ya a makaranta.

Rannan ya kira ni. "Ka tuna abin da ka ce wa motar nan?"

"Ammi," na ce, don haka ake kiran maigida a nan, "abin da na ci jiya ma ban tuna ba."

"Idonka ne ya kama ta. Yalla, maza yi alwala."

Aka kawo roba, na yi alwala a ciki, da furfurata. Ya buɗe bonet ya kwarara ruwan a kan inji. Ina tsaye ina kallon wankin ƙafata yana bin wayoyi.

Da la'asar na lallaɓa da ita wajen wani Bahaushen Sudan mai gyaran wutar mota. Ya leƙa ƙasa, ya kwance wata waya mai kauri da ta haɗa inji da jikin mota. Bakinta ya yi kore, yana marmashewa kamar garin kuka.

"Ɗan'uwa, wannan ita ce ardi. Ta nan wuta ke komawa batir. Gishirin iskar tekunku ya cinye ta, sai wutar ta bi ƙananan wayoyi tana ƙona su. Tsaya, wane mai hankalin ne ya jiƙa injin nan?"

"Magani ne."

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce, ya kankare wurin ya ɗaura sabuwa.

Na koma da tsohuwar wayar a hannu, hujjata ke nan. Kafili ya murza makulli, mota ta tashi tas, fitilu kamar rana.

"Ka gani? Ruwan ya yi aiki!"

"Ammi, ga wayar da..."

"Halas, ya wuce. Ai ba da gangan ka yi ba."

Ya sabunta iƙamar a makon. Na ji yana gaya wa matarsa wai mai ido irina gara a riƙe shi kusa, in ya tafi ina za a samo ruwan?

Yanzu ko firji ne ya tsaya, roba ake fara kawo min. Ina yin alwalata a natse, in sun gama zubawa in kira mai gyara ta ƙofar baya.