Ɗinkin da Ban Bari Ya Kame Ba

Assalamu alaikum. A shekarun da ƙasarmu ta shiga siyasar jam'iyyu da yawa, ni malamar motsa jiki ce a wani koleji a nan Maradi, ina zaune da maigidana a Sabon Gari. Tun ina ƴar lakwal, wato makarantar boko, nake wasan ƙwallon hannu, har an sha kai mu gasa Damagaram da Yamai. Ban san ciwo ba, ban san kasala ba. Idan ɗalibata ta tsaya tana haki ta ce ba ta iya ƙarasa zagayen fili, sai in ce mata ta ci gaba, jiki yana yin duk abin da aka matsa masa. Ba don in tsorata su nake faɗi ba, har cikin raina na yarda da haka.

Cikina na fari ya zo mini da sauƙi, sai a wurin haihuwa. Naƙuda ta yi tsawo, aka duba aka ce ɗiyar a gicciye take, dole sai an yi aiki. Lokacin ƙasa a rikice take. Albashi ba ya zuwa, yau malaman makaranta na yajin aiki, gobe ma'aikatan likita, wato asibiti. An ciro mini ɗiyata lafiya, na farka da ɗinki tun daga cibiya har mara, kuma ba a riƙe ni da yawa ba saboda masu duba mu kaɗan ne. Ranar da za mu fita, unguwarzoma ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce in riƙa tattaki a hankali cikin gida, kada in ɗauki abin da ya fi jinjirar nauyi, kada in yunƙura da ciki. Ta ce fata tana rigan naman ciki haɗewa, kada in ga sama ya bushe in ɗauka an gama. In kuma na ga ruwa yana fita ko na ji zazzaɓi, in dawo nan take. Na gyaɗa kai na yi godiya, amma a zuciyata na ɗauka da sauran mata take, ba da irina ba.

Aka kai ni Tsibiri gidan Inna, mahaifiyata, don zaman jego. Can ne abin ya fara cin raina. Ni da nake tsallake igiya gaban ɗalibai, sai na dafa bango kafin in tashi daga tabarma. Cikina ya saki, ya zubo, in na taɓa shi kamar ba nawa ba. Wata rana cikin masu zuwa barka, na ji wata tsohuwa tana ce wa ta kusa da ita ai ƴan boko ba su iya naƙuda, sai a kawo musu wuƙa. Ta faɗa tana dariya, ta ci goronta ta tafi. Ni kuwa maganar ta zauna mini.

Kullum bayan azahar Inna takan ɗan kishingiɗa a inuwa. Sai in shiga ɗaki in saki labule, in kwanta rigingine, in maƙale ƙafafuna ƙarƙashin gadon ƙarfe, in riƙa ɗago ƙirjina zuwa gwiwa kamar yadda nake sa ɗalibai. Zafin yana sa ni gumi har cikin ido, ina ce wa kaina alamar jiki na dawowa ne. Ban ko yi rabin arba'in ba. Ranan ina cikin ɗagowa sai na ji wani abu ya tsinke can ciki, kamar zare. Bai yi zafi sosai ba, wannan ma shi ya fi ba ni tsoro. Na kwanta ina kallon rufin ɗaki, ɗiyata tana barci kusa da ni. Na duba ɗinkin, na gan shi a rufe, sai na gyara zanena na fito.

Da gari ya waye na tarar zanena ya jiƙe da wani ruwa mai launin ruwan wankin nama. Na wanke shi da kaina kafin Inna ta gani. Na naɗe tsumma na ɗora a wurin, na ɗaure cikina tamau da ɗankwali. Ruwan bai tsaya ba. Daga baya ya fara wari, sanyi yana kama ni da rana tsaka. Abin da ba na mantawa shi ne ƙudaje. Muna zaune mu da yawa a tsakar gida, sai su bar kowa su taru bisa zanena daidai mara. Inna ta kore su da mafici, suka dawo. Ta dube ni ta ce ko akwai abin da nake ɓoye mata, don ta ga tuwo ma ba na ci. Na ce mata zafin gari ne kawai.

Maigidana ɗan kasuwa ne, yana yawan tafiya Jibiya. Da ya zo duba mu ya ce idanuna sun faɗa, in shirya ya mai da ni likita. Na ce masa suna yajin aiki, wa za mu tarar. Ya ce ko mutum ɗaya ne ai za a samu. Na ce jiki sana'ata ce, na san abin da nake ji. Ya ce to, tunda na ce haka. Gaskiyar ita ce ina tsoron a buɗe tsumman nan a tambaye ni me na yi.

Cikin wannan hali na ji a rediyo cewa malaman makaranta za su yi jerin gwano a Maradi kan albashi. Ni kuwa a irin wannan fita kullum ina sahun gaba. Na ce wa kaina in na iya taka wannan tafiya, to na warke, duk abin da nake gani tsoro ne kawai. Na shayar da ɗiyata, na ce wa Inna zan je a duba ɗinki, har ta yi hamdala. Na shiga mota na sauka Maradi. Abokan aiki suka yi ta murna, suna cewa Madam ƙarfe ce. Muka kama hanya cikin rana. Duk takun da na yi sai in ji wani abu yana motsi ƙarƙashin ɗaurin, kamar yana neman hanya. Ban fita daga layi ba. Da muka kusa ofisoshin gwamnati aka harbo hayaƙi mai sa hawaye, jama'a suka juyo a guje, ni ma na ruga. Hayaƙin ya shaƙe ni, tari ya turnuƙe ni, kuma tarin ne ya ƙarasa abin. Na ji ɗumi yana bin ƙafafuna. Na jingina da bangon wani kanti, na sa hannu cikin zane, na taɓa wani abu mai laushi da santsi wanda bai kamata a ce yana waje ba. Wata mata mai sayar da ƙosai ta bar kaskonta ta zo, ta leƙa, ta cire mayafinta ta rufe ni. Ta riƙe mini fuska ta ce in dube ta, kada in dubi ƙasa.

Aka kai ni likita, barandu duk wayam. Sai da aka je har gida aka nemo mai yin aikin, ni kuwa ina kwance ina jin ƙarar fanka da numfashina. Aka aika wa Inna, ta iso kafin a shiga da ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai jinjira tana kuka tun hantsi, ta ƙi karɓar komai. Aka sake buɗe ni, aka tarar ciki ya yi mugunya. Na daɗe tsakanin rai da mutuwa, an bar ciwon a buɗe ana wanke shi kullum. Kafin zazzaɓin ya sake ni, nonona ya ƙafe. Yayata da ke aure a Jiratawa tana goyon ɗa namiji, ita ta ɗauki ɗiyata ta haɗa su ta shayar.

Da aka sallame ni, wurin Yaya na tafi. Can na koyi tafiya sabuwa da sanda, daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, sannan bakin titi, har wata rana na kai lambunan albasa na zauna gefen magudanar ruwa ina hutawa. Tattaki da jan numfashi a hankali, abin da aka ce in yi tun farko, shi ya dawo mini da ɗan ƙarfin da nake da shi yau. Amma naman cikina bai koma daidai ba, har yanzu akwai kumburi gefen cibiyata, kuma ban ƙara shiga fili da ɗalibai ba. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne in na miƙa hannu in ɗauki ɗiyata, sai ta banƙare tana kuka tana neman Yaya. Yaya takan ce in yi haƙuri, ƙuruciya ce, za ta saba. Ta saba ɗin, ta dawo hannuna, ta girma, muna zaman lafiya. Sai dai har yau da take ɗakin mijinta, Yaya take kira Inna, ni kuwa Tanti, wato anti.

Na rubuto ne saboda ƴan uwana mata da aka yi wa aiki. Ba ragwanta ba ce, kuma ba wanda za ki burge da saurin miƙewa. Motsa jiki yana da amfani, amma sai wanda likita ya yarje miki, a lokacin da ya yarje. In kin ga ruwa, ko wari, ko zazzaɓi, ki faɗa a ranar, ko da za a yi miki faɗa. Masu zuwa barka kuma su san abin da za su furta gaban mai jego. Ni dai na yi gaggawar komawa yadda nake a da, ban koma ba, kuma a cikin gaggawar na rasa watannin da ɗiya take sanin ƙamshin uwarta. Waɗannan ba likitan da ke iya ɗinke su.