Almakashin Barira

Duk garin Agiye ba wanda bai san Barira tela ba, ko don kyan ɗinkinta ko don faɗanta. 'Yan matan da ke koyon aiki a shagonta sun sha tsawa har sun gode Allah. Ɗinki ya ɗan karkace, a warware shi tun daga farko. Allura ta karye, ranar ba mai sakat. Tana koya musu taka keke da kalmasa da sa maɓalli, amma ban da yanka. In za ta yanka atamfa, ɗaki take shigewa ta saki labule. A ganinta, yarinyar da ta iya yanka ta zama tela, gobe sai ta buɗe nata shagon ta kwashe mata mutane. Ba ta yi ƙarya ba, don ita ma haka ta yi wa wadda ta koya mata.

Sauran sun gaji sun watse, Hamdiya kaɗai ta jure. Yarinya ce mai hannu, Barira kuwa ta sani, shi ya sa ta fi tsananta mata. Ran da ta kama ta tana gwada almakashi a kan wani ƙyalle, ta buge mata yatsu da katakon awo.

"Wa ya aike ki? Ba ki yi rarrafe ba za ki yi gudu?"

Hamdiya ba ta ƙara taɓa shi ba.

Bara yanar ido ta rufe wa Barira gani. Ga azumi ya yi nisa, ga atamfofin mutane jibge. In ba a ɗinka su kafin salla ba shagon ya mutu ke nan, kuma shi kaɗai gare ta. Girman kai ya riƙe ta kwana da kwanaki, daga ƙarshe dai ta lalubo almakashin ta miƙa wa Hamdiya.

"Zo ɗiyata, shimhiɗa wagga. Ni in faɗa, ke ki yanka."

Ta kasa kunne. Ba ta ji ƙarar yanka ba.

"Mi kike jira?"

"Inna, wallahi hannuna ya ƙiya. Da na ɗauka sai in ji kamar za ki buge ni."

Barira ta buɗe baki za ta yi tsawa, sai ta rasa wanda za ta ɗora wa laifi.

Kafin ƙarshen mako mata suka fara zuwa karɓar atamfofinsu, a ninke yadda suka kawo su.