Shafi Huɗu da Jan Zare

Yayana ya yi shekaru a Japan yana nazarin littattafansu da masu karanta su: matan da ke karatu a tsaye cikin jirgin ƙasa, da shagunan hayar littattafai na da, inda talaka ke karɓar labari ya karanta ya mayar. Da ya zo Konni hutu, kowace safiya sai ya zauna bisa tabarma da shayinsa yana ba mu labarinsu, murya a sanyaye kamar mai zancen waliyyai.

Ni kuwa ina da kwalina ƙarƙashin gado. Littattafan soyayya ne na kasuwa, waɗanda direbobi ke shigo mana da su daga Sakkwato. Cikinsu na iya karatun Hausa, don a lakwal, makarantarmu ta boko, Faransanci aka koya mana. Kafin littafi ya zaga gida goma bangonsa ya tafi, shafukan ƙarshe sun bi shi. To mu 'yan matan unguwa muna da dabararmu. Wadda littafi ya iso mata babu ƙarshe, sai ta yago takarda, ta rubuta ƙarshen da zuciyarta ke so, ta ɗinke shi a baya da allura.

Aminiyata ta fi mu duka iyawa. Ni kullum aure nake ɗaurawa, da turare da jerin motoci. Ita kan bar masoyan a bakin tasha, ɗaya ya shiga mota ɗaya na tsaye, sai in kwana uku ina fushi da ita. Ta yi aure a Tajaye, ta rasu wurin haihuwar fari. Rubutun hannunta bai rage ko'ina ba sai shafi huɗu, ɗinke da jan zare a bayan wani littafi cikin kwalina.

Wata rana na tafi bikin suna a Bazaga, na kwana biyu. Na dawo na tarar an share ɗakina an jera akwatunan littattafan Yaya. Kwali babu.

"Inna, ina kwalina?"

"Tambayi yayanki. Shi ya ce tarkace ne masu tara kyankyaso. An kai wa Gwaggo mai ƙosai ta yi naɗi."

Ko ruwa ban sha ba na tare kabu-kabu zuwa tasha. Gwaggo na zaune gaban kaskonta, kwalina a gefen ƙafarta, ya yi rabi.

"Ke 'yar nan, wa ya koro ki?" in ji ta. "In takardun ne, tun jiya nake yaga. Rabin Konni sun ci ƙosai da soyayyarku. Ba su ma riƙe mai, shegun."

Na durƙusa ina tono. Na sami littafin, jan zaren na reto, babu komai jikinsa. Ina ɗaga kai na ga wani direba ya karɓi ƙosansa cikin takarda mai layi-layi da shuɗin biro. Na fizge ta, ƙosan ya zube ƙasa.

"Kai! Hajiya, lafiyarki ƙalau?"

Na duba takardar. Shafi na huɗu ne, na ƙarshe. Mai ya ci rabinsa. Sauran ukun sun bi motoci.

A gida na sami Yaya bisa tabarmarsa, na ajiye takardar gabansa. Ya ɗauka da yatsa biyu, ya duba ramukan allura, ya ce mene ne wannan. Na gaya masa. Sai na ga fuskarsa ta sake. Ba kunya ce ta fara zuwa ba, murna ce.

"Ku da kanku kuke rubuta ƙarshen? Ƙanwata, babi guda na yi a kan masu karatu irin haka a can! Ku nawa ne? Tun yaushe? Tsaya in ɗauki hoto."

Na fizge abina kafin ya zaro waya.

"Yaya, shekara nawa kana ganina da littattafan nan kana cewa za su lalata ni? Matan Japan in sun yi, ilimi ne, har a hau jirgi a je kallonsu. Mu in mun yi, sai kaskon Gwaggo. Ko buɗe kwalin ba ka yi ba!"

Inna ta ce in rage murya, yayana ne. Ban rage ba.

Ya ba ni haƙuri, ya sake ba ni ranar da zai koma. Na karɓa don Inna. Amma hoton bai ɗauka ba, kuma ba zai ɗauka ba. Har yau in ya kira waya sai ya lallaɓo zancen, ni kuma in tambaye shi sanyin garinsu.

Takardar na cikin akwatina, har yanzu da warin mai. Na san masoyan sun rabu a tasha, layin ƙarshe ya tsira. Abin da suka ce wa juna kafin motar ta tashi yana cikin shafi ukun nan. Na karanta su ya fi sau ashirin, ina ganin suna nan har abada, shi ya sa ban haddace ba.