Jininsu Ya Zo Ɗaya

Ranar da ƙanena ya dawo daga gwajin jini, tun daga zaure muka jiyo muryarsa. Ya jingine babur ya shigo yana washe baki, ya ce wa mahaifiyarmu, "Inna, an gama. Mai gwajin ya ce jininmu ya zo ɗaya."

Inna ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Yarinyar da zai aura 'yar ƙanenta ce, kawunmu na Ajingi, kuma ba wanda ya haɗa su, su suka ga juna suka ce suna so. A wajen Inna, ga shi har asibiti ya shaida abin da kowa ya sani, cewa jininsu ya haɗu.

Ni ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a nan Gaya, saboda haka na tambaye shi me aka ce masa daidai. Ya ce shi AS, ita ma AS. Mai gwajin yana nufin dukkansu suna ɗauke da ƙwayar sikila, wato amosanin jini, kuma suna iya haɗuwa su ba ɗansu. Ƙanena ya ce i, mutumin ya ƙara wata magana, amma layi ya yi yawa, shi kuma ya riga ya ji abin da yake so.

Na ɗauko ƙwarya biyu, na zuba jar gyaɗa da fara daidai wa daida a kowacce. Na ce su rufe ido su ɗauki ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Duk sanda ja biyu suka haɗu, to an haifi mai ciwo ke nan, kuma kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa haka. Inna ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, ukun nan fa? Ke ɗayar kawai idonki yake gani." Ƙanena kuwa gyaɗar ya kwashe ya watsa a baki.

Da maganar ta kai Ajingi, Kawu ya taso takanas. Ya zauna a tabarma ya dube ni ya ce, "Ke 'yar nan, yanzu har kin san abin da ke cikin cikin da ba a ɗauka ba? Lafiya da ciwo a hannunki suke?"

Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. Kai da kanka kake zaɓen irin gero mai kyau ka ajiye, kake duban hadari kafin ka yi shuka. Ba wanda ya taɓa cewa ka shiga hurumin Ubangiji."

Ya ce, "Mutum ba iri ba ne."

Wannan magana ta ƙona min rai, domin na san akwai gaskiya a cikinta, na kuma san ba ta amsa komai ba. Har yau ina jin haushin yadda a gidanmu ake rufe tambaya da kalmar ƙaddara kamar yadda ake kife tukunya. Wanda ya ƙaddara ciwon ai shi ya ba mu hankalin gano shi. Na faɗi haka, aka ce boko ya yi min yawa, aka ɗaura aure.

Ɗansu na fari ya zo lafiya lau, ƙato da shi. Ranar suna na sha gori, matan gida suna tambayata, "Malama, ina gyaɗarki?" Na haɗiye, kuma Allah ya sani na yi murna da ya zama ni ce na ji kunya.

Ta biyu mace ce. Ba ta fara rarrafe ba hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta yi ta tsala kukan da ba ya jin lallashi. Yanzu ta shiga firamare, idonta ruwan ɗorawa, damina ba ta wucewa ba ta kwanta ba. Duk cikin 'ya'yan dangi kuma ita ce tawa. Ita ce mai bina da tambaya, me ya sa akuya ba ta ciwon ƙashi, ina zafi yake tafiya idan ya tafi. Wasu ina da amsarsu, wasu sai in ce ta bari in duba.

A kwanciyarta ta baya-bayan nan, ina tsaye da ƙanena a barandar asibiti da rana tsaka, ana yi mata ƙarin ruwa, ya gaya min matarsa tana da wani cikin. Raina ya ɓaci, abin da na daɗe ina dannewa ya fito. Na ce, "Sai da na faɗa maka. Kana ganin abin da yarinyar nan take sha."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Kin faɗa, Yaya, ban musa ba. Da na ji maganarki da na auri wata, na haifi wasu 'ya'yan, wataƙila masu lafiya. Amma ba ita ba. In kina ganin gara a ce ba ta zo duniya ba, ga ta can, shiga ki gaya mata."

Har gobe zan ci gaba da gaya wa ɗalibaina su yi gwaji su kuma ji abin da aka ce musu, kuma ina nan a kan cewa ban yi kuskure ba. Amma babu littafin da na karanta da ya koya min yadda zan so a ce an ji maganata, ba tare da na so a ce babu ita ba.

Muna tsaye a haka muka ji muryarta daga ciki, can ƙasa-ƙasa. "Gwaggo, zo ki matsa min ƙafa."

Na bar shi a barandar na shiga.