Tukummeq, Wadda Ta Hau Dutse Domina

Ranar Talata, ashirin da biyu ga Nuwamba, ina garin Ilulissat ina jiran haihuwa, mijina Masauna ya kira ni daga garinmu, Siorapaluk. Ina jin haushin karnuka a bayansa. Can ya ce, "Inna ta tafi." Haka na samu labarin rasuwarki, Inna Tukummeq, surukata, kina da shekara saba'in da ɗaya. An ce kina zaune kina ɗinka ɗan ƙaramin takalmin fata zuciyarki ta tsaya. Ban ga fuskarki ba, ban kuma tsaya a coci cikin masu yi miki waƙa ba. Abin da ya rage mini shi ne in rubuta.

Ranar da aka kawo ni gidanki, littattafan soyayya sun fi tufafi yawa a akwatina. Kika ɗaga shi, kika dire, kika ce, "'Yar nan, duwatsu kika kawo mana? Ai muna da su." Tun daga ranar kike tsokanata, ban kuwa taɓa jin zafi ba.

Kowa a garinmu ya san ke ce idon Gunvor, mai binciken nan daga Denmark da take zuwa duk shekara idan ƙananan tsuntsayen teku da muke kira appaliarsuk suka dawo dutse yin ƙwai. Shekara goma sha ɗaya kina nuna mata inda kashinsu ya fi taruwa, kina cika mata ƙananan jakunkuna da baƙar ƙasa da gansakuka, kina fige mata gashin tsuntsayen. Kina cewa, "Mutanen nan sun gama auna komai a ƙasarsu, sun dawo kan kashin tsuntsu." Amma kin saurare ta da kyau. Daga bakinki na fara jin cewa gubar zaiba tana tasowa daga hayaƙin ƙasashe masu nisa, ta faɗa teku, ta shiga tsuntsu, ta bi kashinsa ta kwanta a ƙasar da ciyawarmu ta fi kore.

A watan Mayu, cikina yana wata biyu, Gunvor ta zo da ma'aikaciyar jinya aka ɗebi jininmu. Sakamakon ya nuna gubar dalma ta yi yawa a nawa, har tana iya taɓa ƙwaƙwalwar abin da ke cikina. Daga agwagin teku da Masauna yake harbo mini ta fito. Mu da muke tauna nama, mu ji ƙwayar harsashi a haƙori, mu tofar, mu ci gaba da ci, muna ganin mun rabu da ita. Ashe tana barin ɓurɓushi a cikin tsoka wanda ido ba ya gani.

Kwana uku ina kuka a ɓoye. A wurinmu mace ba ta ture abin da mijinta ya farauto, Masauna kuwa da agwagwa yake faɗin abin da bakinsa ba ya iya faɗa. Ina tsoron in ci, ina tsoron in ƙi. Ban gaya miki ba. Ke kika ga ina jujjuya nama a kwano, kika gane.

Washegari ya shigo da agwagi huɗu, kika tare shi a ƙofa. Kika ce, "Kawo nan, maharbi. Bana agwaginka nawa ne, haƙorana sun gaji da kifi."

Ya yi dariya ya ce, "Haƙora nawa suka rage, Inna? Ita fa Eqilana?"

"Matarka ni zan ciyar. Kai ka fara ciyar da wadda ta haife ka."

Ba ɗan da zai yi musu da wannan. Da na ce miki dalmar za ta cutar da ke, sai kika ce, "Ni me za ta tarar a kaina? An riga an kwashe." Sai da kuka keɓe kika yi masa bayani a hankali, ba a gabana ba, ba a gaban maza ba.

Kika sauko da ragarki ta kamun appaliarsuk, mai doguwar sanda, wadda kika rataye shekara shida saboda gwiwa. Tsuntsun raga ba shi da harsashi a jiki, da shi za ki ciyar da ni. Kusan kullum, har ƙarshen Agusta, kina hawa dutsen nan da rarrafe, ki zauna a bayan tarin duwatsu, ki jira garken ya karyo, ki kaɗa raga sau ɗaya. Hanta kuwa kina cire ta ki ajiye gefe, don Gunvor ta ce a nan guba ta fi taruwa. Ni aikina in zauna kusa da ke ina karanta miki littafi. Na kai inda saurayi ya durƙusa yana kuka da furanni a hannu, kika ce, "To, shi wannan ɗan banzan, me yake kamowa?" Na yi dariya har tsuntsaye suka canza hanya, kika harare ni.

A watan Oktoba aka sake ɗibar jinina. Dalmar ta sauka ƙwarai. Da na gaya miki, kika dafa cikina, kika daɗe. Har yau ina tambayar kaina ko hawan nan ne ya gajiyar da zuciyarki. Na san da kina nan da kin ce littattafai sun lalata ni.

Inna, ranar uku ga Disamba na haifi mace, lafiya lau, likita ya duba ta ya ce ba abin damuwa. Kamar yadda aka saba a wurinmu, sunan wanda ya tafi yana jiran jaririn farko, mai sunan ya dawo ta jikinsa, don haka Tukummeq ce. Da Masauna ya ɗauke ta, ya kalle ta ya ce, "Sannu da zuwa, Inna. Kin yi sauri."

Allah ya ji ƙanki, ya gafarta miki, ya hutar da gwiwoyinki a wurin da babu hawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijina Masauna, da ƙanwarsa Naduk, da ƙaninki Asiajuk, da Gunvor da ta rasa abokiyar aiki, da dukan mutanen Siorapaluk. Allah ya ba mu haƙuri, ya kuma ba ni ikon riƙe ki kamar yadda kika riƙe ni.

Eqilana, surukarki, yanzu kuma mahaifiyarki.