Zannuwan da Suka Ƙi Bushewa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da Umma, a tsakiyar bazara, lokacin da ruwan famfo ke fitowa kamar an dafa shi don shayi. Likita ya ce hawan jinin Umma ba ya shiri da wannan zafi. Yaya kuma, da ke karatun digiri na biyu a Kuala Lumpur, ya daɗe yana yi mana tallar garin, wai kullum da la'asar sai an yi ruwa, kamar an ɗaura wa hadari agogo. Gudun zafi ne ya fitar da mu daga gida.

Bayan canjin jirgi da doguwar tafiyar da ta rikita mana lokutan salla, muka sauka. Ƙofar filin jirgi na buɗewa, wani abu mai ɗumi da danshi ya dafe mini fuska kamar tafin hannu. Direban tasi ya shaida wa Yaya cewa an yi makonni ba a ga ɗigon ruwa ba. A gefen hanya bishiyoyin kwakwar manja sun yi sahu har iya ganin ido, ko ganye ɗaya ba ya motsi. Yaya ya shiga rantsuwa cewa ba haka garin yake ba, ya fara lissafa mana abubuwan kiyayewa. Umma ba ta ambatar sunan ɗanta na fari, don haka ni ta kalla.

"Auta, ki gaya wa yayanki, mutumin Kano ba a yi masa wa'azin zafi."

Gidansa yana unguwar Danau Kota, hawa na goma sha bakwai. Daga barandarsa na ga abin da har yanzu nake mafarkinsa. Kullum da la'asar hadari yakan haɗo daga bayan duwatsu, baƙi ƙirin, a yi tsawa can ƙasa-ƙasa. Mutane su fito barandunsu, ɗaruruwa, a gine-ginen da ke fuskantar juna, su tsaya shiru suna kallon sama. Sai hadarin ya watse. Su koma ciki ɗaya bayan ɗaya su ja labule.

Mun ci abinci a mamak, wato shagunan Indiyawa Musulmi, inda ake ba da wata gurasa mai laushi da miya kan abin da bai kai ringgit biyu na kuɗinsu ba. Umma ta ce miyar ta yi, amma mai girkin bai taɓa jin labarin daddawa ba. A can na lura ana rubuta kalmar "air" a jikin kowace gorar ruwa. Na yi dariya, na ce ashe har iska ake sayarwa a ƙasar nan. Yaya ya ce a Malayanci, harshen ƙasar, wannan kalmar ruwa take nufi, "ayir" ake faɗinta. Na rubuta a littafina don abin ya burge ni: haruffan da Bature ke rubuta iska da su, su ne ruwa a nan.

Rana ta uku muka je Jalan Tuanku Abdul Rahman kallon yadi. Da azahar titin ya zama kamar an yi shelar kowa ya gudu. Masu shago sun kife kai gaban fanka, gumakan tallar kaya marasa fuska ne kaɗai ke tsaye a bakin ƙofa, sanye da mayafai. Umma ta taya wani yadi, ta kasa ƙarasa cinikin. Ban taɓa ganin ta bar ciniki a tsakiya ba.

Rana ta biyar Yaya ya tafi makaranta a Jalan Semarak. Yana fita Umma ta sa na kashe na'urar sanyaya ɗaki, ta ce sanyinta na shiga mata ƙashi, yau za mu yi irin na gida. Muka rufe tagogi don kada zafi ya shigo. Muka yayyafa ruwa a daɓe. Muka jiƙa zannuwa shida muka rataye a igiya daga bango zuwa bango, ta lulluɓa da na bakwai ta kwanta. Da murna na taya ta, don ƙamshin jiƙaƙƙiyar atamfa ya tuna mini ɗakin kakarmu. A Kano, kafin zane ya bushe ya gama ɗauke maka zafin jiki.

Na zauna ina karatu. Bayan sa'a guda na ɗaga kai, sai na ga madubi ya rufe da hazo. Sawun ƙafafunmu na nan a daɓe yadda muka bar su. Zannuwan sun yi tsaye a igiya, da nauyi, kamar mata shida da suka zo gaisuwar mutuwa, ruwa na ɗiga daga gefensu a hankali. Ɗakin ya koma madambaci. Sai na ji muryar Umma daga bayansu, siririya kamar ta yarinya.

"Inna, ɗebo mini a randar baya, ta gaban ta yi zafi."

Innarta ta shekara goma sha ɗaya a kabari.

Na ratsa zannuwan na taɓa goshinta. Komai na ɗakin jiƙe yake, har bango, amma goshinta a bushe, da zafi kamar murfin tukunya. Ta kalle ni ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Na kira Yaya, bai ɗauka ba. Na fita ba takalmi na buga ƙofar da ke kusa.

Wata dattijuwa Bamalaya ta buɗe. Ba ma jin harshen juna, amma ta karanta fuskata ta biyo ni. Tana shiga ta yi salati, ta fizge zannuwan ta watsar, ta yaye na jikin Umma, ta kunna na'urar da fanka gaba ɗaya. Ta ɗebo ƙanƙara daga firij ta sa mata a wuya da hammata, ta kira motar asibiti da wayarta. Tana yi tana nuna iskar ɗakin da hannu tana cewa, "Air, air." A lokacin na gane abin da na rubuta a littafina ina dariya. Iskar garin nan ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar na zanenmu, balle gumin Umma.

Kwana biyu ta yi a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Likitan ya ce maganin hawan jininta ma yana rage ruwan jiki, kuma da mun ƙara jinkiri, da labarin ya canja. Da ta dawo hayyacinta, abin da ta fara tambaya shi ne wa ya taɓa mata zannuwa. Yaya ya juya baya yana share ido. Da aka sallame mu ta aika wa dattijuwar da turaren wuta da kilishi, ita kuma ta aiko da ruwan kwakwa. Umma ta koma kwana na'urar sanyaya ɗaki na aiki, da safa a ƙafa, tana mita.

Zannuwan kuwa mun tarar da su tsibi a banɗaki, har sun fara fumfuna. Ɗaya na ƙulle a leda na sa a jaka. Har muka bar garin hadari bai daina haɗuwa yana watsewa ba.

Mun iso Kano da rana tsaka. Na wanke zanen na shanya, na shiga na yi azahar. Kafin na shafa addu'a ya bushe ƙamas. Na koyi cewa zafi ma yana da harsuna, kuma wanda ya ƙware a na garinsu baƙo ne a na wani. Umma ta sauke zanen daga igiya, ta kara shi a kumatunta, ta daɗe a haka. Sannan ta ce in kira yayana, in gaya masa ya ci gaba da wa'azin nan da ta katse masa a mota.