Shekarar da Kunya Ta Ci Mini

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, na yi shekara goma sha ɗaya ina taimaka wa nas-nas a wani asibiti. Wankin miki, awon jini, juya majinyaci, babu wanda hannuna bai sani ba. Takarda ce kawai ba ni da ita.

Da na samu shiga makarantar jinya, sai aka ce masu tsohon aiki irina za a iya yafe musu shekarar farko, in sun gamsar da kwamiti. Na yi murna, don mahaifiyata tana kwance a gidanmu na Limancin Kona, kullum maganarta ɗaya: Allah Ya nuna mata ni cikin fararen kaya.

Ranar ganawar, wani dattijo mai tabarau ya ce, "Malama, faɗa mana abin da kika iya."

To ni a gidanmu ba a yabon kai, ko tuwo ka tuƙa sai dai wani ya yaba. Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan abin da ba a rasa ba ne, ranka ya daɗe."

"Kamar me?"

"Muna dai taɓawa."

Kai, ni da wauta! Ya rubuta abin da ya rubuta, aka kira ta gaba. A ƙafa na koma cikin birni, ba wanda zan faɗa wa sai mahaifiyata. Ta ce, "Kin yi daidai, 'yar mutunci ba ta tallar kanta."

Haka na zauna aji ɗaya da 'yan matan da na kusa haifa, ana koya mana gyaran gado. Suna kirana Yaya, amma in an tashi hutun ƙarfe tara sai su watse, in ci ƙosaina ni kaɗai a bayan aji. Wallahi na sha kaɗaici.

Wata rana malamar aji ta tsaya kallon hannuna ina naɗe bandeji. Ta ce, "Yaya, ba ke kika koya mini wannan ba lokacin ina ɗaliba? Me ya hana ki faɗa wa kwamiti?"

Mahaifiyata ta rasu saura wata huɗu in gama. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba, abin da aka koya mata ta koya mini.

Daga baya ni ma na zauna a irin wannan kwamitin. In mace ta sunkuyar da kai, ba na tambayarta abin da ta iya. Cewa nake, "'Yar'uwa, ba ni labarin aikinki na jiya, tun daga safe." Sai ka ji abin mamaki.

Fararen kayan kuwa na sa su. Ranar farko na shiga ɗakin mahaifiyata da su, na tsaya gaban gadon da babu kowa.